Idon yaro ya yi ja yana kwantsa: gida, kemis, asibitin unguwa ko asibitin ido?

Yaro ya kwanta lafiya lau, gari ya waye idonsa a manne, sai an jiƙa da ruwa kafin ya buɗe. Daga nan shawara kan rabu gida huɗu. Kaka ta ce a bari, zai wuce. Uwa ta ce a aika kemis. Maƙwabciya ta ce a kai shi asibitin unguwa, uba kuma in yana da hali ya ce a wuce asibitin ido kai tsaye. Kowace daga cikin shawarwarin nan tana da inda ta dace, tana kuma da inda za ta iya jawo wa yaro hakiya ta har abada. Abu biyu ne ke nuna wadda za a ɗauka: kwanakin yaron a duniya, da halin da baƙin idonsa yake ciki. Yawan ja da yawan kwantsa, waɗanda su ne suka fi tsorata iyaye, suna bayan waɗannan biyun.

Kafin a auna hanyoyin, sai an san abubuwan da ake ƙoƙarin bambancewa, domin jan ido alama ce da cututtuka da dama suka yi tarayya a kanta.

A ƙananan yara, musamman waɗanda ba su kai shekara 6 ba, ƙwayoyin bakteriya ne suka fi kawo jan ido mai kwantsa. Waɗanda aka fi samu su ne Haemophilus influenzae da Streptococcus pneumoniae da Moraxella catarrhalis, kuma dukkansu mazauna hanci da maƙogwaron yara ne, su ne ma ke kawo ciwon kunne. Shi ya sa in yaro yana kwantsa yana kuma jan kunne yana kuka, ya kamata a leƙa kunnen, don sau da yawa ƙwaya ɗaya ce ta kama wuraren biyu. Kwantsar bakteriya mai kauri ce, rawaya ko mai ɗan kore, in an goge ba a jima ta sake taruwa. Idon yakan manne da safe. Ƙaiƙayi ba shi da yawa. Yaron yana gani, yana wasa, yana buɗe ido a rana ba tare da wahala ba.

Na bairas, wanda mutane suka fi sani da Afolo, ya fi zubar da hawaye fiye da mugunya. Yaro ya ce yana jin kamar yashi a ido, sau da yawa da mura ko ciwon maƙogwaro, kuma in aka shafa gaban kunne akan ji ƙaramar kaluluwa mai zafi. Babbar alamarsa ita ce yadda yake bin gida da aji da tsangaya ɗaya bayan ɗaya cikin 'yan kwanaki. Nau'in da ke sa jini ya kwanta a farin ido a Ghana aka fara ganinsa a 1969, daga can ya bazu Afirka ta Yamma. Antibayotik ba ya kashe bairas. Ciwon kan tafi da kansa cikin mako ɗaya zuwa biyu.

Na uku shi ne wanda nake ganin ya fi shan maganin da ba nasa ba a ƙasar Hausa: alajin ido na yara, wato borin da ido ke yi in abu kamar ƙura ya taɓa shi, wanda ya fi yawa a wurare masu zafi da ƙura irin namu. Ya fi kama yara maza, yakan fara tun kafin shekara 10, ya yi ta tashi yana kwantawa shekaru har wajen balaga. Ƙaiƙayi ne kan gaba. Za ka ga yaro yana murza ido da bayan hannu har ana tsawata masa a aji. Farin idon yakan rine ya koma ruwan ƙasa, abin da ke fita kuma farin majina ne mai jan zare, ba mugunya ba. Babu ƙwayar cuta a ciki, ba a kuma ɗaukarsa daga wani. Yaron da aka saya wa maganin ɗigawa kwalba bayan kwalba tsawon wata da watanni, ciwo na dawowa duk bazara, mai yiwuwa wannan ke damunsa.

Sai amodari, wato tarakoma. Bakteriya ce ke kawo shi, Chlamydia trachomatis, amma ba ya zuwa da hayaniya. Ɗan ja, 'yar kwantsa, ƙudaje na bin fuska, shi ke nan. Shaidarsa tana ɓoye a cikin fatar ido ta sama, sai an juya ta ake ganin ƙananan ƙuraje farare-farare. A ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 1987, in suka kai 5 ko fiye an shiga matakin farko na cutar. Makantar ba a yarinta take zuwa ba, sai bayan shekaru, lokacin da tabo ya lanƙwasa fatar idon gashin ido ya koma yana gogar baƙin ido. Ghana ta samu shaidar kawar da shi a matsayin matsalar lafiyar jama'a a 2018, amma a wasu yankunan arewacin Nijeriya da Nijar aikin bai ƙare ba.

A rubuce bambancin a fili yake. A gaban yaro kuwa alamomin sukan cakuɗa, har ƙwararren likita ba kullum yake iya raba na bakteriya da na bairas da kallo kaɗai ba. Abin da ya sa wannan bai cika zama matsala ba shi ne dukansu biyun yawanci masu sauƙi ne. Aikin mai duba yaro na farko shi ne ya tabbatar ba ɗaya daga cikin masu makantarwa ba ne ya zo da kamar mai sauƙi.

Zama a gida

Wannan hanya ta fi ƙarfi fiye da yadda ake zato. A 2005 mujallar Lancet ta buga wani bincike da aka yi a yankin Oxford na Ingila a kan yara 326 masu jan ido, daga 'yan wata 6 zuwa shekara 12. An ba wasu chloramphenicol na ɗigawa, wasu kuma aka ba su ruwan da babu magani a ciki. A rana ta 7, kashi 86 cikin ɗari na waɗanda suka samu magani sun warke, na ɗaya ɓangaren kuma kashi 83. Tazarar ba ta taka kara ta karya ba. Sai dai waɗancan yara ne masu ƙoshi, masu cikakken rigakafi, da likita a kusa in abu ya juya. Yaron da ke fama da tamowa ko wanda ya tashi daga ƙyanda ba ya cikin wannan lissafi ko kusa.

Saboda haka jira na kwana 2 zuwa 3 ya dace ga yaron da ya tasa, mai lafiyar jiki, wanda ke buɗe ido yana gani sarai, baƙin idonsa kuma yana sheƙi. A tafasa ruwa a bari ya huce, a sa auduga ko tsumma mai tsabta a goge daga wajen hanci zuwa wajen kunne, kowane ido da audugarsa. A ware masa tawul da matashi. A wanke hannu da sabulu kafin da bayan.

Haɗarin gida yana cikin abin da ake zubawa. Nonon uwa, ruwan sukari, ruwan albasa, ruwan ganye, har fitsari, duk an san ana ɗiga wa yara. Fitsarin mai ciwon sanyi na iya sa wa ido ƙwayar gonoriya, wadda ke cin baƙin ido cikin kwana ɗaya ko biyu. Ciwon da zai tafi da kansa sai ya koma makanta. Kwalli ma ba magani ba ne. Ana yin na gargajiya da dutse mai ɗauke da dalma, kuma tandu ɗaya da tsinke ɗaya da ke zagaya idon mutanen gida hanya ce ta raba ciwon ga kowa.

Kemis

Kemis yana kusa, yana buɗe har dare, babu kati babu layi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga uwar da mijinta ya fita kasuwa, ga goyo, ga girki. Matsalar ita ce yawanci ba a ma kai yaron. Yayansa ake aikowa da kuɗi a hannu: "Wai in ji Umma a ba da maganin ciwon ido na yara." Mai kemis ya tambaya, "Ja ne ko ƙaiƙayi?" Yaro ya ce, "Duka." A miƙo kwalba. Babu wanda ya ga idon.

In kwalbar chloramphenicol ce zalla, ko man tetracycline na ido, kuma ciwon na bakteriya ne mai sauƙi, an dace. Zai iya rage kwanakin ciwon kaɗan. In Afolo ne, an yi asarar kuɗi kawai. Abin tsoro shi ne magungunan da aka haɗa antibayotik da sitiroyid, waɗanda ake so saboda suna kwantar da ja da ƙaiƙayi nan da nan. A karanta kwalin. In an ga dexamethasone ko betamethasone ko prednisolone ko hydrocortisone, kada a ɗiga wa yaro sai likitan ido ne ya rubuta bayan ya duba. In akwai gyambo a baƙin ido, musamman na bairas ɗin herpes ko na ƙwayar fangas, sitiroyid hura masa wuta yake yi. In kuma aka daɗe ana ɗigawa, kamar yadda ake yi wa masu alaji, yana kawo hawan jinin ido da yana, kuma yara sun fi manya saurin kamuwa da hakan. Ganin da hawan jinin ido ya cinye ba ya dawowa.

A ganina kemis wurin sayen magani ne bayan wani ya duba yaro, ba wurin gano ciwo ba. In dole ta sa aka fara da shi, a tafi da yaron kansa, a nemi antibayotik zalla, a ba shi kwana 2 zuwa 3. In babu sauƙi, kada a canza wata kwalbar, a canza wuri. Kwalbar da aka buɗe kuma ba a ajiye ta fiye da mako 4, kuma ba a amfani da ta wani.

Asibitin unguwa

Ga mafi yawan yara nan ne wurin da ya dace. Ba a bukatar ɗakin gwaji don gano ciwon ido na bakteriya mai sauƙi. Tambaya da tocila sun isa, in mai dubawar ya yi aikinsa. Zai tambayi shekarun yaro, yaushe aka fara, ido ɗaya ne ko biyu, ko wani a gida yana da shi, ko wani abu ya soki idon, ko an yi ƙyanda kwanan nan, da abin da aka riga aka zuba. Wannan ta ƙarshe a faɗi gaskiya, ko da kunya.

Dubawar kanta ba ta wuce 'yan mintoci. Uwa ta rungume yaro a cinya ta riƙe hannayensa, ma'aikaciya ta goge kwantsar, ta ja fatar ido ta ƙasa da babban yatsa, ta haska tocila daga gefe. Abin da take nema shi ne hasken tocilar ya dawo daga baƙin ido tas, babu fari, babu dishi-dishi, ƙwayar idon ta tsuke in haske ya taɓa ta. A jan ido mai sauƙi, jan ya fi yawa a cikin fatar ido da gefe-gefe. In jan ya taru ya yi wa baƙin ido zobe, wannan wata magana ce. In yaro ya girma, za ta rufe ido ɗaya ta sa ya ƙirga yatsu daga nesa. Sannan ta taɓa gaban kunne, ta leƙa kunne da maƙogwaro, ta auna zafin jiki.

Iyakar wannan mataki a fili take. Sau da yawa babu na'urar duba ido, babu mai auna ƙarfin ruwan ido, kuma ba kowane ma'aikaci ne ya saba juya fatar ido ta sama ba. Ma'aikacin kirki shi ne wanda ya san inda zai tsaya ya rubuta takardar turawa. In ya ce a wuce gaba, a wuce a ranar.

Asibitin ido da ɗakin gwaji

Akwai su a manyan biranenmu: Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, asibitin ido na ECWA da na Makkah a Kano, da sassan ido na asibitocin koyarwa irin na Aminu Kano, na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Abin da suke da shi wanda babu a ƙasa shi ne hanyar ganin baƙin ido da kyau. Akan taɓa ido da wata 'yar takarda mai launin ruwan lemo, a sa yaro ya ƙifta, a haska shuɗiyar fitila. Duk inda fatar baƙin ido ta saluɓe sai ya haska kore shar, ko da girmansa bai kai kan allura ba. Gyambon da tocila ba za ta nuna ba nan take yake fitowa, har siffarsa kan nuna ko na herpes ne, don shi rassa yake yi.

Gwajin kwantsa kuwa iri-iri ne. Akan shafo ta da tsinke mai auduga daga cikin fatar ido ta ƙasa. In aka shafa a gilashi aka rina aka duba a madubin ƙara girma, a ranar ake iya sanin ko ƙwayar gonoriya ce, kuma wannan shi ne gwajin da ya fi ceton ido. In aka shuka ta a faranti don ta tsiro, sai an jira kwana 2 zuwa 3 kafin a san sunan ƙwayar da maganin da ke kashe ta. Chlamydia ba ta tsirowa a irin wannan faranti, sai da gwajin da ke gano ƙwayar halittarta, wanda ya fi tsada kuma ba ko'ina ake yinsa ba.

Ga yaro mai jan ido na yau da kullum gwajin shuka ɓata kuɗi ne, don kafin sakamako ya fito ya kusa warkewa. Inda yake da amfani shi ne jariri, mugunya mai kwarara ba ƙaƙƙautawa, gyambo a baƙin ido, ciwon da ya ƙi jin magani ko ya wuce mako 2, da yaron da garkuwar jikinsa ta yi rauni. Antibayotik ɗin da aka riga aka ɗiga yakan hana ƙwayar tsirowa, don haka a tafi da dukkan kwalaben da aka yi amfani da su a nuna wa likita. Kuɗin mota, na kati, da wunin da za a yi a layi gaskiya ne, shi ya sa ban ce kowane jan ido a kai shi can ba.

Amma akwai alamomin da ba a tsayawa lissafin kuɗin mota a kansu. Yaron da ya ƙi buɗe ido, yana gudun haske yana ɓoye fuska a jikin uwa. Fari ko gajimare a baƙin ido. Raguwar gani. Ciwo mai tsanani a ido ɗaya, ballantana bayan tsinken dawa ko roba ko dutse ya same shi. Fatar ido ta kumbura ta yi ja da zazzaɓi, idon ya turo waje ko ya kasa juyawa, wanda ke nuna ciwon ya shiga bayan ido, kuma sai an kwantar an yi allurai. Sai jan ido a lokacin ƙyanda ko bayanta. Ƙyanda tana zuƙe sinadarin bitamin A daga jiki, baƙin ido ya bushe ya narke cikin 'yan kwanaki. Al'adar barin mai ƙyanda a ɗaki ido rufe har sai ƙuraje sun gama fita ta makantar da yara da yawa. Kowane mai ƙyanda ana ba shi bitamin A kwana 2 a jere, in akwai alama a ido a ƙara na uku bayan mako 2, kuma dole wani ya riƙa buɗe idon yana dubawa.

Jaririn da bai kai wata ɗaya ba

A nan babu zaɓi huɗu. Duk jaririn da ke cikin kwana 28 na farko, in idonsa ya yi ja ya kumbura yana fitar da mugunya, asibiti za a kai shi a ranar, wanda ke da allura da ɗakin gwaji in da hali. Ba a jiran suna, ba a jiran arba'in, ba a jiran mai jego ta yi ƙwari. In uwar ba za ta iya fita ba, goggo ko kaka ta ɗauke shi tare da uban.

Dalili shi ne ƙwayoyin da jariri ke ɗauka daga hanyar haihuwa. Gonoriya takan bayyana tsakanin kwana na 2 da na 5, wato tun kafin suna. Fatar ido ta kumbura ta yi tauri, in aka buɗe da ƙyar mugunya ta fito da ƙarfi, a goge ta sake cika nan take. Tana daga cikin ƙwayoyi ƙalilan da ke iya huda lafiyayyen baƙin ido, kuma yawanci ido biyun take kamawa. Maganin ɗigawa kaɗai ba ya isarta. Allurar ceftriaxone ake yi, tare da yawan wanke idon. Chlamydia takan jinkirta zuwa kwana na 5 har na 14, da sauƙi-sauƙi, amma tana iya sauka huhu ta kawo nimoniya bayan makonni, shi ya sa ita ma maganin sha ake ba jariri, azithromycin ko erythromycin. Rigakafin tsoho ne: tun 1881 likita Carl Credé ya nuna a Leipzig ta Jamus cewa ɗiga magani a idon jariri da zarar an haife shi yana kusan kawar da wannan makanta. Yau man tetracycline ko makamancinsa ake sawa, kuma jaririn da ungozoma ta karɓa a gida yawanci bai samu ba. A tambaya a ranar da aka kai shi rigakafin farko.

Akwai wani abu mai kama da wannan da bai kai shi haɗari ba. Jariri ya yi ta hawaye da 'yar kwantsa a ido ɗaya makonni, amma farin idon fari ne tas, babu kumburi. Yawanci hanyar hawaye ce ba ta gama buɗewa ba, kuma mafi yawansu suna buɗewa da kansu kafin shekara ɗaya, da gogewa da ɗan tausa a gefen hanci. Ko wannan ma ma'aikacin lafiya ne zai tabbatar, domin hawaye tare da gudun haske da baƙin ido mai girma fiye da kima alamar hawan jinin ido ce ta haihuwa, wadda aiki take bukata.

In gwaji ya nuna gonoriya ko chlamydia a idon jariri, to uwar tana ɗauke da ita, sau da yawa ba tare da ta ji komai a jikinta ba, kuma kusan tabbas mijinta ma. Magana ce mai nauyi a gidan da ake shirin suna, amma likita zai nemi ganin su biyun, in akwai abokan zama har da su. In aka yi wa jariri magani aka bar iyaye, cutar tana nan a gidan, tana iya toshe wa uwar hanyar ƙwai ta hana ta sake haihuwa, in kuma ta haihu na gaba ma haka idonsa zai yi.